Yadda Ake Kare Gida Daga Zaizayar Ƙasa Da Ambaliya A Zangunan Akra

A ƙofar gidanmu na gado da ke Mamobi akwai matakala uku. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce ranar da aka kawo ta amarya babu ko ɗaya, daga lungu ƙafa kawai za ka ɗaga ka shiga zaure. Ta farko kakanmu ne ya yi ta, ta biyu baffana, ta uku da kuɗina aka yi. Gidan bai ƙara tsawo ba. Lungun ne ruwa yake ta kankarewa damina bayan damina, har ya sauka fiye da kamu guda, gindin bango ya fito fili kamar haƙorin tsoho da dasashi ya janye ya bari.

Ƙasar da ta bar ƙofarmu ba ɓata ta yi ba. Ta gangara babbar gotar da ta raba Nima da Mamobi, ta bi ta Asylum Down ta faɗa kogin Odaw, daga nan sai tafkin Korle. Yashin da ake kashe maƙudan kuɗi ana kwashewa daga Odaw, wani kaso nasa lungunanmu ne. Saboda haka zaizaya da ambaliya ciwo ɗaya ne: na kan tudu yana rasa ƙasa, na kwari irin mutanen Alajo da Avenor da Odawna yana karɓar ruwa da laka, domin magudanar da ya kamata ta ɗauke ruwan ta cika da ƙasar wani.

Abin mamaki, Akra, ko Ankara yadda tsofaffinmu ke faɗa, ba garin ruwa ba ne. A shekara tana samun wajen milimita 800, Kumasi kuwa kusan ninkin haka. Matsalar ita ce ruwan namu a dunƙule yake zuwa, abin da zai ishi wata guda ya sauka a dare ɗaya. Sannan wurin da ƙasa ke shanye shi ya ƙare. Ƙidayar 2000 ta sami mutum miliyan 2.9 a yankin Akra gaba ɗaya, ta 2021 ta sami sama da miliyan 5.4. Dajin Kwabenya da Ashongman da Haatso, inda ruwan Odaw ke taruwa daga gindin tsaunukan Akwapim, duk ya zama rufin kwano da daɓen siminti. Ruwan da a da yake yin kwana yana tsatsowa, yanzu cikin sa'o'i kaɗan yake isowa.

Ga yadda muka bi a gidanmu, da inda muka yi kuskure.

Fara da kallon ruwan kansa

Aikin hannu na rani ne, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ƙasa ta bushe kuma ba ka fargabar hadari ya wanke maka ɗanyen siminti. Amma karatun aikin cikin damina ake yin sa. Babbar damina tana farawa wajen Afrilu ta kai tsakiyar Yuli, ƙarfinta a Yuni, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ka zaɓi ranar ruwa matsakaici, da rana, ka ɗauki lema ka zaga gidanka. Ban ce ka je bakin babbar gota ba. Gidanka da lungunka kawai.

Ka dubi launin ruwan da ke gudu. In fari ne tas, bai ɗauki komai ba. In ja ne kamar kunun kanwa ya ji manja, to ƙasa yake ɗauke da ita, sai ka bi shi baya-baya har ka ga inda ya fara yin ja. A nan ciwon yake. Ka lura da wuri uku: inda ruwa ke faɗowa daga sama, inda yake shan kwana, da inda yake tsayawa ya kwanta. Na farko yana haƙa rami, na biyu yana cin gindin bango, na uku yana jiƙa harsashi. Ka ɗauki bidiyo a waya, domin a Janairu in kana yi wa magini bayani, ƙasa a bushe, zai ce ya gane alhali bai gane ba.

Da ruwa ya ɗauke, ka ja layi da fenti a jikin bango daidai inda ƙasa ta tsaya, ka rubuta kwanan wata. Ƙarshen damina ka auna tsakanin layin da ƙasa. Mu mun samu kusan yatsa biyu a damina ɗaya a kusurwar gabas, yamma kuwa ko motsi. Wannan ya hana mu watsa kuɗi a zagaye gida duka.

Kuma ka tambayi tsofaffi. “Hajiya, a ruwan 1995 ina ya tsaya a nan?” Za ta nuna maka da sandarta, ta ƙara maka da inda tsohon rafi yake bi kafin a gina shagunan da ke kansa. Ba taswirar da za ta gaya maka wannan.

Abu ɗaya za ka riƙe a duk matakan da ke tafe: in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa yana ninka huɗu. Duk dabarar da za a yi, ta rage masa gudu ce da ba shi hanyar da ba zai ci komai ba. Tare shi gaba da gaba ba ya yiwuwa.

Rufi

Yawancin ruwan da ke cin gindin gidanka daga rufinka yake. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai mita goma tsawo, goma faɗi, in aka yi ruwan milimita 50, ya zubo lita 5,000. Jarkar nan da muke kira galan ɗin Kufuor, mai cin lita 25, guda 200 ke nan, duk a kan siririn layi ɗaya a gindin bango, daga tsayin mita uku. Wannan ɗan ramin da kake gani a jere ƙarƙashin bakin kwano, shi ne farkon aikin.

Ka sa indararo a bakin kwanon, na roba ko na kwano, a ɗan karkace zuwa inda bututu zai sauko. Maƙalansa kada su yi nisa da juna, in ba haka ba ya cika ya lanƙwashe a tsakiya. Bututun ya sauko har ƙasa, ko cikin tanki. In tanki ne, ruwan farko na minti kaɗan a bar shi ya zube, domin ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye yake wankowa. A rufe bakin tankin da raga saboda sauro. Abin da mutane ke mantawa shi ne inda ruwa zai bi in tankin ya cika. Tankin lita dubu cikin minti kaɗan yake cika a ruwan Yuni, ragowar kuwa in ba ka yi masa bututun fita zuwa gota ba, zai zuba a gindin tankin ya haƙe shi. Inda duk bakin bututu ya ƙare a ƙasa, a shimfiɗa duwatsu ko falalen siminti ruwan ya fara dukansa.

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai a bana, indararo za ka saya.

Gindin bango

A nan zan daɗe, don a nan muka yi asara.

Inda ƙasa ta zaizaye har harsashi ya bayyana, sai a mayar da ciko tukuna. Jar ƙasa mai tsakuwa ake so, ba shara ba, ba yashin gota ba. A zuba kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da madaɓi sosai, sannan a ƙara wani. Wanda ya juye tifa guda lokaci ɗaya ya baje, damina ɗaya za ta zaunar da cikon ta bar rami ƙarƙashin simintinsa.

A kan cikon ake zuba daɓe mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, ya bi jikin bango. Kaurinsa santimita 8 zuwa 10. Haɗin: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon leburori huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Yashin bakin teku kada ya shigo, gishirinsa yana cin ƙarfe yana kuma fito da fari-fari a bango. Bakin daɓen na waje a nutsar da shi cikin ƙasa kamar taƙi guda, ya zama haƙori, don kada ruwa ya shiga ta ƙasansa ya rarake. Duk mita biyu a yanka layi, domin in zai tsage ya tsage a nan. Bayan an zuba, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai. Simintin da rana ta busar da wuri ƙarfinsa rabi ne, ko da ido ya ga ya yi kyau.

Sai babban abin: gangare. Daɓen dole ya karkata daga bango zuwa waje, wajen santimita 4 zuwa 5 a kowace mita. Maginin da muka fara kira, dattijo ne mai fara'a, na ce masa, “Baba, ba za mu auna ba?” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, idona ya fi ma'auninku. Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin.” Na ji kunya na yi shiru. Ruwan farko na Afrilu, na fito na tarar daɓen ya riƙe ruwa a jikin bango kamar faranti, tsawon ɗakin mahaifiyata. Kafin Yuni danshi ya hau bangon ciki ya kai gwiwa, fenti yana ɓarewa, kayan cikin sif suna wari. Sai da muka fasa shi da guduma muka sake. Kuɗi biyu, kuma har yau Hajiya in ta ga daɓen sai ta ce, “Ga idon Baba nan.”

Awon kuwa ba komai ba ne. Ka sayi siririn tiyo mai garai-garai, mita biyar ko goma, ka cika shi da ruwa, ka tabbata ba kumfa a ciki. In ka ɗaga bakinsa biyu, ruwan da ke cikinsu a tsayi ɗaya yake tsayawa kullum. Ka kafa turke mita ɗaya daga bango. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, ɗaya a jikin turke, kowa ya yi alama daidai kan ruwan. Daga alamar bango ka auna ƙasa, misali santimita 50, nan ne saman daɓe. Daga alamar turke ka auna 55. Ka ɗaura zare tsakaninsu, magini ya bi zaren. Kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, ka juye bokitin ruwa a jikin bango a gabansa ku ga inda ya nufa.

Game da tsaga: siririya kamar gashi a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, musamman in ƙofa ko taga ta fara cijewa. Ka yi alama da fensir a ƙarshenta, ka rubuta rana, ka shafa ɗan siminti a kanta wuri biyu. In bayan wata guda simintin ya tsage ko tsagar ta wuce alamar, gidan yana motsi. Wannan ya wuce magini na lungu, injiniya za ka nema. Kuma kada ka yarda kowa ya haƙe ƙarƙashin harsashi tsawon bango gaba ɗaya wai zai ƙarfafa shi. Gaɓa-gaɓa ake yi, ana tsallake wuri, in ba haka ba bangon a kan mai haƙa zai sauko.

Tsakar gida

Mun saba ganin daɓe tsakar gida kaf shi ne ci gaba. Yana da sauƙin shara, gaskiya, amma duk ɗigon da ya sauka a kai lungu zai fita da gudu. In da hali ka bar wani yanki da tsakuwa ko bulon shimfiɗa mai tazara, ko gindin bishiya. Ramin shanye ruwa ma yana aiki, amma ba a ko'ina ba. Ka gwada tukuna: haƙa rami kamu guda, cika da ruwa da yamma. In da safe ya shanye, ƙasarka tana sha. In yana nan yana kallonka, yumɓu ne ko ruwan ƙasa na kusa, ka haƙura. Inda ya yi, ramin ya yi nisan mita biyar daga bango, nesa da rijiya da masai, a cika shi da manyan duwatsu. A yawancin gidajen Nima ma ba filin da zai ba ka mita biyar ɗin, to a nan gyaran rariya kawai za ka yi, ta yi faɗi, a sa mata raga.

Lungu, inda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Abin da aka fi yi shi ne kowa ya ɗaga gabansa ya tura wa na ƙasa. Ka yi dakali, ruwa ya karkata gidan maƙwabci, shi ma ya yi nasa ya fi naka tsawo, lungu ya ƙara matsewa, ruwa ya ƙara gudu, ya haƙa tsakiya. Haka kwazazzabo ke samuwa a lungun da a da amalanke ke shiga. Ka duba za ka ga bututun ruwan famfo sun fito fili kamar jijiyoyi, ana taka su suna fashewa, in an ɗauke ruwa su zuƙi na gota.

Kafin ka taɓa lungu ka yi magana. Ni sai da na je gaida Alhajin da ke ƙasa da mu bayan la'asar, na ce, “Alhaji, ruwanmu ne ke damunku, na zo mu ga yadda za a yi.” Da na fara aikin ban gaya masa ba, da maganar sai ta kai gaban sarkin zango. Daga nan liman ya yi sanarwa bayan sallah, aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo, wanda ba shi da kuɗi ya ba da samari. A sanar da asambuliman, wato kansilan unguwa, tun farko, domin lungu ba na mutum ɗaya ba ne, kuma shi ne zai iya nemo motar kwashe laka.

Aikin kansa: a lungu mai gangare, ana mayar da doguwar gangara ta zama gajerun matakai. A gina ƙananan shinge na dutse da siminti a gicciye, kowanne kada ya wuce tsayin gwiwa. Dokoki uku ne, in aka bar ɗaya aikin ya lalace. Tsakiyar shingen ta fi gefunansa ƙasa, domin ruwa ya bi ta tsakiya, kada ya zagaya ya ci gindin gidaje. Gefunan su shige cikin ƙasa ko su manne da bango sosai. Sannan a ƙasan kowane shinge a shimfiɗa duwatsu inda ruwan zai faɗa. Tazararsu kuwa, saman na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama, tiyon nan zai nuna maka. A fara daga saman lungu a gangaro. Cikin damina ɗaya za ka ga yashi ya taru a bayan kowanne, lungun yana cike kansa da kansa.

Inda akwai fili da rana, kamar bakin rafi ko bayan makaranta, a dasa jema a jere, a gicciyen gangare, tazarar tafin hannu. Saiwarta tana nutsawa mita biyu zuwa uku a miƙe, ba ta yaɗuwa ta cinye wuri, kuma in ta yi kauri tana tace laka. Ba ta son inuwa, don haka a matsattsen lungu ɓata lokaci ne. Buhun yashi kuwa na gaggawa ne kawai, rana tana cinye buhun kafin shekara.

Akwai babban aikin gwamnati da ake kira GARID, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019 don kwarin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa. Madalla. Amma indararonka da gindin bangonka ba sa cikin lissafinsa.

Gota

A kwashe ta a Maris, a sake a ƙarshen Agusta. Lakar da aka fitar a ɗauke ta a ranar ko washegari. Tara ta a bakin gota, kamar yadda muke yi a aikin gayya a ɗauki hoto a watse, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Sai maganar da kowa ya sani ba mai son faɗa: ana fara ruwa, a aiki yaro ya juye bola a gota wai ruwa ya tafi da ita. Tana tafiya, amma ƙarƙashin gada ta farko take tsayawa. Kuɗin mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, bai kai kuɗin katifa ba.

Ga na kwari

In gidanka inda ruwa ke kwanciya yake, matakan da na lissafa a baya za su rage, ba za su hana ba. Ka ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, a yi masa filasta ciki da waje. Soket ɗin lantarki a mayar da su sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Firij da buhunan abinci a kan bulo ko tebur. Ka tuna ruwa ba ta ƙofa kaɗai yake shiga ba: in gota ta cika, ta rariya da bututun banɗaki yake dawowa, don haka ka tanadi abin toshe su, ko buhun yashi ne. Buhun a cika shi rabi ko sama kaɗan, a jera kamar bulo, na sama ya hau mahaɗar na ƙasa, a tattake. Katin Ghana, katin inshorar lafiya, takardun gida da na makaranta, a leda biyu, a saman sif, kuma a ɗauki hotonsu a waya. Ku yanke tun yanzu gidan wa za a kai yara da tsofaffi, da hanyar da ba ta ratsa gota.

Ranar ruwa

Ka saurari sanarwar hukumar yanayi a rediyo. In ruwa ya fara shigowa, kashe babban makunnin wuta tun ƙafarka a bushe, ka rufe tukunyar gas. In ka riga ka tsaya cikin ruwa, kada ka taɓa mita ko makunni. Yara da tsofaffi su fita da wuri, ba sai ya kai ƙugu ba. Lambar gaggawa 112 ce, hukumar NADMO kuma, wadda aka kafa a 1996, ita ke da alhakin agaji.

Ruwa mai gudu da ya kai idon sawu zuwa ƙwauri, santimita 15 kacal, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da yawancin motoci. Haɗarin Akra na musamman shi ne gota a buɗe: in ruwa ya rufe titi ba ka sanin inda kwalta ta ƙare. In dole ne ka taka, da sanda, kana dogarawa gaba. In direban trotro, ƙaramar bas ta haya, ya ce zai ratsa, ka sauka.

Daren 3 ga Yuni 2015 bai bar zukatanmu ba. Mutane sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu, aka yi makokin kwana uku a ƙasa. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Gidan mai, gindin taransifoma da ƙarƙashin gada ba wuraren fakewa ba ne. In ka ji warin fetur a kan ruwa, ka bar wurin.

Bayan ya janye

Kafin kowa ya kwana a ɗaki, a duba bango, musamman tsofaffin ginin ƙasa da aka yi wa filasta, domin sukan faɗi kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, lokacin da gindinsu ya jiƙe. Mai gyaran wuta ya duba kafin a kunna. A kwashe laka tun tana ɗanya, a wanke da sabulu, a bi da bilic. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Ruwan sha a tafasa, rijiyar da ambaliya ta shiga kuma a daina sha sai an kwashe an sa mata magani. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a Akra. In gudawa ta kama wani, fiya wata biyu lita ɗaya ce: a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa, ana kan hanyar asibiti. Duk gwangwani da tayar da ta riƙe ruwa a kife, sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi.

Mai neman haya da mai sayen fili

Dokar haya ta 1963 ta ce kuɗin gaba kada ya wuce na wata shida, amma duk mun san shekara biyu ake karɓa, kuma in ka biya ka shiga, ka ɗauru. To ka duba kafin ka biya. Sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama tsoho, alama ce. Dokin ƙofa mai tsayi a duk gidajen layin alama ce. Ƙasan ƙofar katako da ya kumbura, tsatsa a ƙafar get, layin laka a bayan gida inda ba a fenta ba. Kada ka tambayi dillali, ka sayi koko a wurin mai kokon layin ka tambaye ta.

Fili mai araha a gefen kogin Densu, irin su Tetegu da Oblogo, yana ƙarƙashin madatsar Weija, kuma duk lokacin da ta cika dole a buɗe ta. Fadamar Sakumono da bakin Densu wurare ne da doka ta keɓe, an sha rushe gine-gine a irinsu. Bakin teku kuwa wani karatu ne daban, babu daɓe ko jemar da za ta tsayar da shi. Mutanen Glefe sun ga ɗakuna sun tafi. A Keta, ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a 1784, teku ta cinye babban ɓangarenta. Igiyar ruwa tana jan yashi daga yamma zuwa gabas, madatsar Akosombo tun 1965 ta riƙe yashin da kogin Volta ke kawowa, masu tifa kuma suna ɗiba. Inda aka jera duwatsun kariya wurin yakan tsira, amma sau da yawa cin sai ya koma unguwar da ke gaba, inda duwatsun suka ƙare.

In an nuna maka fili a Janairu, ka ce za ka dawo. Ka koma a Yuni, da sassafe, bayan ruwan dare, da takalmin roba, ba tare da ka gaya wa mai sayarwa kana zuwa ba.